Wasan da Aka Kulle a Akwati: Tsakanin Amana da Rowa

Wata ranar Laraba, a ajin ƙarshe na lise, na kawo wa ɗalibaina wani guntun labari na Faransanci domin mu yi darasin taƙaita rubutu. Labarin na wani gwanjo ne da aka yi a birnin Dalas na Amurka a watan Afrilun 2021, inda aka sayar da kaset guda ɗaya tak na wasan bidiyo mai suna Super Mario Bros. a kan dalar Amurka 660,000. An ce tun 1986 aka saye shi da niyyar a ba wani kyautar Kirsimeti, sai aka jefa shi cikin aljihun tebur aka mance da shi har shekara 35, ko ledar da aka naɗe shi da ita ba a yage ba. Da muka ƙare karatu, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, to wanda ya saya ɗin, zai buga wasan?" Na ce mata a'a, domin ranar da ya yage ledar, ranar ce dukiyarsa za ta zube. Ta yi jim, can ta ce: "Ashe wanda aka saya wa bai samu ba, shi ma wannan bai samu ba."

Tun daga ranar maganar yarinyar nan take yi mini kai-kawo a zuciya. Tambayar da ta ɗora mini ta girmi wasan bidiyo nesa ba kusa ba: shin wanda ya adana abu ta hanyar hana amfani da shi, ya riƙe amana ne ko ya yi rowa? Kuma a ina iyakar take tsakanin mai ajiya da mai ɓoyo?

Mene ne ake tarawa?

Kafin mu yi hukunci, ya kamata mu san abin da ake magana a kansa. Kaset ɗin wasa, wanda Faransawa ke kira kartush, ƴar akwati ce ta roba wadda ba ta wuce tafin hannu ba. A cikinta akwai allo siriri mai ɗauke da ƴar ƙwaƙwalwar da aka zuba wa wasan tun daga masana'anta, a bakinta kuma akwai jerin haƙoran ƙarfe da ke haɗuwa da na'urar da ake jona wa talabijin. Na'urar farko da ta fito kasuwa da irin wannan kaset ita ce Channel F ta kamfanin Fairchild a 1976, kuma wanda ya jagoranci aikin injiniya ne baƙar fata, Jerry Lawson. Daga nan Atari ta mamaye gidajen Amurka, sannan Nintendo ta fito da Famicom a Japan a 1983, ta kai ta Amurka a 1985 da sunan NES, Sega ta biyo baya da Mega Drive a 1988. Kafin ƙarshen shekarun 1990 faifai ya ture kaset daga yawancin na'urorin gida.

Mu da muka tashi a wancan zamani mun ɗan ɗanɗana gefen abin. Jabun Famicom da ake ƙerawa a Asiya sun iso kasuwanninmu, da kaset mai ruwan ɗorawa wanda aka rubuta wa ɗaruruwan wasanni a goshi, amma in an kunna sai a tarar ƴan ƙalilan ne ake maimaitawa. Yara goma kan kewaye talabijin ɗaya, ana jiran layi, in hoto ya daskare a zare kaset a busa masa iska a mayar. Ba wanda ya taɓa tunanin a ajiye kwalinsa. Yau a Tokiyo, a unguwar Akihabara, akwai shaguna irin su Super Potato da ke cike maƙil da waɗannan tsofaffin kaset, kuma a Amurka da Turai akwai mutanen da suka keɓe ɗaki sukutum a gidajensu, kanta bisa kanta, don jere su.

Haƙƙin mai tarawa

Adalci ya wajabta a fara da yabon waɗannan mutane, domin sun tsince abin da masu shi suka zubar. A watan Satumbar 1983, lokacin da kasuwar wasan bidiyo ta durƙushe a Amurka, kamfanin Atari ya kwashi kayan da suka yi kwantai ya binne su a jujin garin Alamogordo, a jihar New Mexico, aka zuba kankare a kai. Jami'in da ya kula da aikin ya ce kaset kusan 728,000 ne. Sai a watan Afrilun 2014 aka tono wurin, aka fito da kusan 1,300, har ɗaya daga ciki ya samu gurbi a gidan tarihi na Smithsonian. Abin da kamfani ya kira shara, bayan shekara talatin ƙasa ta kira shi tarihi. A tsakanin waɗannan shekaru, su wa suka riƙe kwalaye da takardun bayani da kaset ɗin da ba su yi kasuwa ba? Mutane ne ɗaiɗaiku, da kuɗin aljihunsu, ana yi musu dariya ana cewa manya ne masu hankalin yara.

Kuma ajiyar nan aiki ce mai wuya, domin kaset yana mutuwa ta hanyoyi da dama. Hasken rana da zafi suna mayar da farar roba ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, suna kuma koɗar da launin kwali da takardar da aka manna a jiki. Laima tana cin haƙoran ƙarfe. Iskar bakin nan da muke busawa muna yara, danshinta ƙara lahani yake yi, abin da ke gyarawa shi ne auduga da ɗigon alkol. Mafi ban tausayi shi ne batir. Tun daga The Legend of Zelda, wanda ya fito a kaset a Amurka a 1987, wasanni da yawa suna ɗauke da ƙaramin batir kamar kwabo, wanda ke riƙe da inda mai wasa ya tsaya. Ranar da batir ɗin ya ƙare, duk tafiyar da yaro ya yi wata da watanni yana yi ta shafe, in kuma aka bar shi ya tsufa a ciki yana iya yoyo ya ɓata allon. Saboda haka mai tarawa na gaskiya yana jera kayansa a tsaye, nesa da taga, a ɗakin da zafinsa ba ya hawa da sauka, yana sa ƴan ƙunshin da ke tsotse laima, yana kwance kaset ya canja batir kafin ya yi ɓarna. Wanda ya taɓa kare littattafansa daga gara da ƙurar hunturu ya san ma'anar wannan haƙuri.

Masu raina abin za su ce: duk wannan wahala a kan wasan yara? Sai mu tuna cewa tatsuniya ma hirar tsofaffi da yara ce ta dare, wadda malamai da yawa ba su ɗauke ta a bakin kome ba. Da ba a samu waɗanda suka zauna suka rubuta ta ba, irin aikin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 daga hannun malaman da suka rubuta masa, da an yi hasarar da ba ta misaltuwa. Abin da al'umma ke wasa da shi yana faɗin halinta fiye da abin da take faɗa a taron biki. Kiɗa da zane da labari da lissafin da ke cikin waɗannan kaset sun raini miliyoyin yara a nahiyoyi duka, don haka sun cancanci a adana su.

Inda ajiya ta juye

Amma akwai wani mataki da ajiya ke kaiwa ta juye ta zama wani abu daban. A Amurka an samu kamfanonin da sana'arsu ita ce auna lafiyar kaset: su duba kwali da leda, su ba shi maki bisa goma, sannan su rufe shi cikin akwatin roba mai haske kamar gilashi, wanda ba ya buɗuwa sai an fasa. A watan Yulin 2021 aka sayar da Super Mario 64 mai maki 9.8 a kan dalar Amurka miliyan 1.56. Wata guda bayan haka wani Super Mario Bros. ya kai dala miliyan 2, wato sama da miliyar ɗaya na kuɗin sefa. Daga baya farashin irin waɗannan kaya ya faɗi warwas, amma al'adar kullewa ta zauna.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. Wasannin nan biyu ba su da ƙaranci ko kaɗan. Super Mario Bros. an sayar da shi sama da kwafi miliyan 40, Super Mario 64 kuwa kusan miliyan 12. Duk mai so zai samu tsohon kaset ɗinsu da kuɗi kaɗan. To me aka biya miliyoyi a kansa? Leda aka saya, da shaidar cewa hannun yaro bai taɓa kaiwa ga abin da ke ciki ba. Darajar kayan ta ta'allaƙa ne ga rashin cika aikin da aka yi shi dominsa. Kaset ɗin da ya faranta ran yara goma har takardarsa ta goge, shi ne mara daraja a wannan kasuwa, wanda bai faranta ran kowa ba shi ne sarki. Har ma ba wanda zai iya rantsuwa cewa abin da ke cikin akwatin yana aiki, domin tabbatarwa na bukatar buɗewa, buɗewa kuwa ita ce hasara.

Wasa ya sha bamban da mutum-mutumi ko zanen da ake ratayewa a bango. Zane yana cika aikinsa da kallo. Wasa kuwa ba ya wanzuwa sai a hannun mai yin sa, kamar yadda gurbin dara da ƴaƴanta ba su zama dara ba sai mutum biyu sun durƙusa a kansu. Kaset kwano ne, wasan shi ne tuwon. Wanda ya jere kaset dubu a bayan gilashi alhali ba ya da na'ura mai aiki, ya adana kwanuka ne kawai.

Jere da rumbu

Kada mu yi saurin yi wa Amurkawa dariya, domin mun san jere a gidajenmu. Uwa takan shekara tana tara wa ɗiyarta kwanuka da langa da tangaran, a ranar biki a jere su tun daga ƙasa har kusa da rufi, kuma da yawansu har su tsufa ba a ci tuwo a ciki ba. Wa zai ce wannan wauta ce? Jere yana magana: yana faɗin ƙaunar uwa da ƙoƙarin dangi, yana kuma zama dukiyar da mace za ta iya sayarwa ranar da duniya ta yi ƙunci. Haka shi ma mai kantar kaset, sau da yawa ƙuruciyarsa yake jerawa. Wannan kwali yana tuna masa mahaifin da ya saya masa, wancan yana tuna masa ƙanin da suka yi faɗa a kan wa zai fara. Ɗan Adam yana bukatar ya ga tarihinsa da ido, ya shafa shi da hannu, kuma babu laifi a cikin haka.

Sai dai gidan da ke da jere yana da madafa, kuma a madafa akwai kwanukan da ake ci da su. Jere bai taɓa hana kowa cin abinci ba. Misalin da ya fi kusa da damuwata shi ne rumbu. Manomin kirki yana rufe rumbunsa, yana hana yara ɗiba, har ya ware iri wanda ko yunwa ta matsa ba a taɓawa. Wannan hani rahama ne, domin yana da ranar buɗewa: damina. Amma wanda ya rufe rumbu yana jiran hatsi ya yi tsada, maƙwabta na kwana da yunwa, sunansa daban ne a bakin jama'a, ko da rumbun nasa ya fi na kowa tsafta. Dukansu sun kulle, dukansu sun kare hatsi daga ɓera. Abin da ya raba su shi ne wanda aka kulle dominsa.

Wani zai ce misalin ya yi tsauri, tunda ba wanda ke kwana da yunwa don an kulle kwafi ɗaya na wasan da ke da miliyoyin kwafi. Gaskiya ne, kuma zan ƙara masa hujja: yana da kyau a samu kwafi ɗaya ko biyu da suka tsira yadda suka fito daga masana'anta, domin masu bincike na gobe su ga yadda abin yake. Matsalar tana farawa ne lokacin da wannan hali ya zama ma'aunin kowa. Idan farashi ya hau, kaset ɗin da ba su da yawa sukan fice daga hannun masu wasa da ɗakunan karatu su koma ma'ajiyar masu kuɗi. Kuma ƙarancin na gaske ne. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a kasuwa yanzu. Ga mafi yawan waɗannan, tsohon kaset ko faifai shi ne ƙofar da ta saura. Wanda ya riƙe irin wannan, ya riƙe mabuɗin ɗakin da ba nasa kaɗai ba.

Darasin waƙafi

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan ƙulli a babin waƙafi, inda ake tsare asalin dukiya, ba a sayarwa ba a rabawa, amma a saki amfaninta ga jama'a. Rijiyar waƙafi ba ta da mai ita, amma kowa na sha. Littafin waƙafi ba ya fita daga masallaci, amma kowane almajiri na buɗawa. A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya dace da mai tara kaset, kuma abin sha'awa shi ne kaset ya fi rijiya sauƙin bin wannan ƙa'ida, domin ana iya kwafe abin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa zuwa kwamfuta ba tare da an rage shi da kome ba, a buga wasan da manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura, asalin kuma ya huta a inuwa.

Akwai wuraren da suka kama wannan hanya. A Faransa, dokar 1992 ta shigar da irin waɗannan ayyuka cikin abin da ya wajaba a kai wa babban ɗakin karatu na ƙasa kwafinsa, kuma masu bincike na iya zuwa su buga wasan a can. A garin Rochester na jihar New York akwai gidan tarihin wasa mai suna The Strong, wanda ke adana dubban wasanni, yana kuma barin baƙi su taɓa wasu. Nintendo kanta ta buɗe gidan tarihinta a garin Uji kusa da Kyoto a watan Oktoban 2024. Amma hanyar tana da ƙaya. Masu wasannin suna da haƙƙin mallaka, kuma haƙƙi ne na gaske, domin gumin mutane ne. A watan Oktoban 2024 hukumar haƙƙin mallaka ta Amurka ta ƙi amincewa ɗakunan karatu su bai wa masu bincike damar buga tsofaffin wasanni daga nesa. Ba na kiran kowa ga cin haƙƙin wani. Abin da nake cewa shi ne, kamfanin da ya daina sayar da aiki, bai adana shi ba, kuma ya hana a kai gare shi, shi ma ya shiga sahun mai rumbun nan na biyu.

Saboda haka, da zan shiga ɗakin mai tara kaset, ba yawan kayansa zan tambaya ba. Zan tambaye shi abu uku. Yana da na'urar da ke aiki, kuma yaushe rabon da wani yaro ya riƙe ta? Ya rubuta abin da ya mallaka da tarihin kowane ɗaya, yadda wani zai amfana ko ba ya nan? Ya kuma yanke shawarar inda kayan za su koma bayan ransa? Wanda ya amsa ukun nan, jerensa ado ne halal, ko da ya kulle kwafi biyu ko uku a gilashi. Wanda ya kasa, to mai gadi ne da ke jiran magada su zo su kira dillali.

Kabad ɗinmu

Ƴan uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, na san babu ɗayanmu da ke da kaset na miliyar ɗaya. Amma kowannenmu ya san wani kabad. Na taɓa koyarwa a wata makaranta inda aka kawo gudummawar littattafan karatu sababbi fil, aka jere su a ofis, aka sa kwaɗo, wai kada yara su yaga. Duk baƙon da ya zo sai a buɗe a nuna masa. Bayan shekara huɗu da aka tashi rabawa, tsarin karatu ya canja, gara kuma ta riga yara karantawa. Ba wanda ya saci ko ɗaya, ba kuma wanda ya karanta ko ɗaya.

Haka muke da akwatunan kaset na mawaƙa da makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya, zarensu na manne wa juna cikin zafi. Haka muke da rubuce-rubucen ajami na kakanni a cikin gafaka, waɗanda magada ke ƙin nuna wa kowa don tsoron kada albarka ta fita, alhali a Yamai akwai sashen rubuce-rubucen hannu na cibiyar IRSH, da cibiyar adana adabin baka da aka kafa tun 1968, waɗanda aikinsu ke nan. Tsoron nan ina girmama shi, domin an sha karɓar kayan mutane ba a mayar ba. Amma takarda ba ta jiran mu gama shawara, haka ma zaren kaset da batir. Abin da aka hana wa mutane, ba a hana wa gara da zafi da tsatsa ba.

Littafin da ya yage a hannun ɗalibi ya mutu mutuwar da ta dace da littafi. Aikinmu shi ne mu jinkirta wannan mutuwa da kulawa, mu kwafa tun da sauran lokaci, mu ware iri, sannan mu buɗe rumbu.

Da muka koma aji mako na gaba, na gaya wa yarinyar nan cewa tambayarta ta fi labarin da na kawo. Sannan na je wurin darakta na roƙi mabuɗin ɗakin karatu, aka sa ranar Laraba da yamma ta zama ranar aron littafi. Biyu sun riga sun dawo ba bango, mun ɗinke su da zare.